Hula a Gwiwa

Ni dai an haife ni da zato. Goggo, yayar mahaifinmu wadda ta riƙe mu bayan rasuwar iyayenmu, takan ce ko ruwa aka miƙo mini sai na leƙa ƙasan kofin kafin na kai baki. Ban taɓa musa mata ba. Shagon ɗinkina yana bakin titi a Zangon Kumasi, unguwar Hausawa a ƙasar Gana, kuma duk macen da ta shekara da shekaru a bayan keken ɗinki tana kallon masu wucewa, dole ta gane cewa abin da mutum ya faɗa daban, abin da ya kawo shi daban. Amma akwai murya guda da ban taɓa zargi ba, ni da duk mutanen unguwarmu, ita ce muryar Yayana.

Yaya shi ne mai sanarwar unguwa. Yana da wani ɗan ɗakin katako a kusurwar layinmu, da dogon ƙarfe a kansa wanda aka ɗaura wa lasifikoki suna kallon kowace kusurwa. Mu a nan infomeshan muke kiran wurin. Idan yaro ya ɓata, ko tunkiya ta tsinke, ko za a yi suna ko ɗaurin aure, wurinsa ake zuwa, ya faɗa da Hausa ya maimaita da Twi, yaren 'yan garin. Amma babban aikinsa shi ne sanarwar rasuwa. A Zango gawa ba ta jira. Wanda ya cika da safe, kafin la'asar an kai shi maƙabartar Tafo an dawo. Saboda haka da zarar an ji lasifika ta yi ƙara, Yaya ya yi sallama ya ce innalillahi, mahauci zai ajiye wuƙa, mai faci ya wanke hannu, mata su jawo mayafi. Ba wanda ke tsayawa tambaya ko da gaske ne. Dangin da ke Asokore Mampong da Atonsu ma, idan aka buga musu waya, abin da suke fara tambaya shi ne ko an faɗa a infomeshan, in an faɗa sai su kama hanyar trotro, wato motar haya.

Wannan muryar ita ce duk abin da Yaya ya mallaka. Ba shi da gida nasa, ba shi da mota, bai yi boko mai zurfi ba. Amma in ya yi magana ana tashi tsaye.

Sai dai Allah ya haɗa masa da wata baiwa wadda ni tun farko ban yarda da ita ba. Yaya yana kwaikwayon muryar mutane. Ba irin kwaikwayon yara ba. In ya ji mutum sau biyu, ya ɗauke shi ke nan, har tarinsa, har yadda yake jan numfashi kafin ya yi ƙarya. Tun yana ƙarami ya taɓa ɓuya a bayan katanga ya yi muryar malaminsu na makarantar allo, yara suka watse daga wurin ƙwallo har wani ya fasa leɓe. Ranar Goggo ta zane shi, sannan ta kafa masa doka: in zai ari bakin wani, to ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, kowa ya ga wasa ne. In hula tana kansa, to bakinsa nasa ne, kuma ba a yarda ya faɗi abin da ba haka ba. Ya girma da wannan doka har ya yi furfura. Duk unguwa ta san ta. Yaro ƙarami ma in ya ga Yaya ya kai hannu kan hula, sai ya fara dariya tun ba a ce komai ba.

Ya ƙara wa kansa doka ta biyu, cewa wasa ba ya shiga ɗakin sanarwa. Wurin wasa shi ne rumfar ataya da ke daura da shagona, inda maza ke zama bayan la'asar suna jiran shayi ya nuna a ƙaramar buta, suna gyara ƙasar Gana da baki. A nan yake cire hula. Kuma abin da ya fi iyawa shi ne 'yan siyasa. Ba ya ware kowa. Yau zai yi na wannan jam'iyya yana alkawarin kwalta, gobe ya yi na waccan yana kuka a gidan makoki da ido ɗaya a kan mai ɗaukar hoto. Akwai wani wakilin unguwa da ya yi shekaru yana alkawarin gyara mana kwata. Yaya ya riƙa yin muryarsa yana wa kwatar jawabi, yana ba ta haƙuri, yana ce mata ta ƙara juriya. Abin ya kai mutumin ba ya iya wucewa ta layinmu sai yara sun bi shi da nasa kalaman. Ba a daɗe ba aka kawo yashi da siminti. Ni da nake cewa wasan banza ne, ranar na janye maganata. Tsakanin zaɓe da zaɓe, wannan dariyar ita ce ɗan rabon da muke samu daga dimokuraɗiyya, don ita kaɗai ce ke sa manya su ji kunyarmu.

Lokacin zaɓe kuwa kasuwata ke buɗewa. Ina ɗinka wa kowane ɓangare atamfarsa, kuma na sha ganin mace ɗaya ta kawo ta wannan jam'iyya ranar Litinin, ta kawo ta waccan ranar Alhamis, tana roƙona kada na faɗa. Ina kuma jin duk abin da ke yawo. Akwai wata tsohuwar jita-jita da ba ta mutuwa a Zango. Duk zaɓe sai ta farka ta karkaɗe jiki: wai in su wane suka ci, za su kori 'yan Zango, su ce mu baƙi ne. Matasa suna dariyarta. Kakanninsu a nan aka haife su, katinsu na ɗan ƙasa yana aljihu. Amma tsofaffi ba sa dariya, don an taɓa yi a kan idonsu.

Goggo tana budurwa aka yi korar baƙi a ƙasar nan. Mahaifinta, wato kakanmu, ɗan kasuwar goro ne da aka haifa can arewa, ya zo Kumasi yana saurayi ya yi aure ya hayayyafa. Da maganar ta fara yawo, mutane suna ɗaure kaya, shi ya ce jita-jita ce, wa zai kori mutumin da ya binne iyayen matarsa a garin nan? Bai ɗaure ko tsinke ba. Ranar da abin ya tabbata, an jera su a layi ana duba takarda, aka ɗora shi a babbar mota da rigar da ke jikinsa kawai. Goggo ta bi motar da gudu har ta fita unguwa. Bai dawo ba, kuma ba a san inda kabarinsa yake ba. Sunansa aka sa wa Yaya, shi ya sa Goggo ba ta kiran Yaya da suna, sai dai ta ce Babana. Wataƙila saboda wannan ne ma ta ɗauki zaɓe da muhimmanci fiye da kowa. Duk ranar jefa ƙuri'a ita ce a gaban layi da farin mayafinta, in ta dawo ta yi ta nuna mana yatsanta mai tawada, tana cewa wannan shi ne shaidar ita 'yar gida ce.

A shekarar da nake ba da labari, jita-jitar ta farka da wuri, kuma an rataya ta a wuyan wani ɗan takarar majalisa, mutum mai ƙaton ciki da wata irin gyaran murya da yake yi kafin kowace jimla. Wata ranar Laraba da yamma ina ɗinka wuyan riga, sai na ga Yaya ya kai hannu ya sauke hula a gwiwa. Na rage gudun keke don na ji. Ya yi gyaran muryar nan, rumfa ta fashe da dariya, ya ɗaga hannu aka yi tsit. Sai ya shiga magana da Twi da muryar mutumin, kamar yana ganawar sirri da yaransa. Ya ce in ya ci zaɓe, manyan motoci zai jera tun daga bakin Zango, a kwashe su duka a mai da su inda suka fito, kada a bar ko tsohuwa. Ya ɗan tsaya. Sannan ya ci gaba da cewa awakin Zango ma sai an duba musu katin ɗan ƙasa, duk akuyar da ta yi kuka da Hausa a jefa ta mota, kuma a tura takarda zuwa Tafo, matattu su fito da fasfo ɗinsu. Mutane har da faɗuwa daga benci. Jita-jitar yake wa ba'a, da masu hura ta, kowa a wurin ya gane haka. Ni ma na yi dariya har na karya allura.

Amma idona bai daina aikinsa ba. Na ga wayoyi a hannu, kamar kullum. Ban ga wanda ya ɗaga tasa ba, sai dai na ga waɗanda suka kife nasu a cinya, kuma waya ba ta buƙatar ido kafin ta ji.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, wata 'yar uwarmu da ke Atonsu ta turo mini saƙon murya, ta rubuta a ƙasa cewa na saurara na tura wa duk wani ɗan Zango kafin a goge. Na danna. Gyaran murya, sannan manyan motoci, a kwashe su duka, kada a bar ko tsohuwa. Shi ke nan. Babu awaki, babu fasfon matattu, babu dariya ko ta mutum ɗaya. An yanke gaba an yanke baya, an bar tsakiya tsirara. Har ƙarar kofunan shayi da ke ciki ta zama shaida, wai a wurin cin abincin sirri aka naɗa. Na sake dannawa. Na san muryar Yayana ce, ina wurin aka yi, amma wallahi da na rufe ido sai na ga ƙaton cikin nan. Hula ba ta fitowa a saƙon murya.

Kafin magariba saƙon ya je Jamus da Italiya ya dawo ta hannun 'ya'yan unguwa da ke can, kowa da ƙarin bayaninsa. Ɗan takarar ya shiga gidan rediyo ya rantse ba shi ba ne, kuma kafin ya rantse sai da ya yi gyaran muryar nan, mutane suka ce to ga shi, ai shi ne. Waɗanda ke rumfar ranar Laraba sun san gaskiya, amma abin mamaki sai bakinsu ya yi nauyi. Waɗanda saƙon ya yi wa jam'iyyarsu daɗi suka ce su ba su tuna ba sosai. Waɗanda ya ɓata wa tasu suka faɗa, aka ce ai dole su faɗi haka.

Ni kuwa na shiga farauta. Wanda na fara zargi shi ne mai gyaran waya da ke jikin shagona, don shi ya san yadda ake yanka murya a liƙa. Na tare shi yana cin wake da shinkafa, na tambaye shi kai tsaye. Ya ajiye cokali ya ce, “Anti, wallahi ba ni ba ne kuraa, ko kaɗan. Ni ma turo mini aka yi.” Na kalli idonsa, ban ga komai ba, kuma rashin ganin komai ɗin ya ƙara mini zato. Na zargi mai dafa shayin, don a makon ya sa sabuwar riga. Na zargi wani malamin makaranta mai yawan shiru, saboda shirun nasa. Na zargi ɓangaren da saƙon ya taimaka, daga baya na zauna na ce to in kuma mutanen ɗan takarar ne da kansu suka sake shi, don daga baya su fito su ce an yi musu ƙazafi a tausaya musu fa? Kwana biyu ina wannan lissafi har na ɗinka hannun riga a baibai. Mutanen da na shekara ashirin ina gaisawa da su, na koma ina kallon aljihunsu in ga inda waya take.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan abin da na tarar a gida. Wata maƙwabciya, cikin son alheri, ta kunna wa Goggo saƙon. Na shigo na same ta a tsakar ɗaki ta jawo ƙatuwar jakar buhu mai layi-layi, tana ninke zannuwa tana sakawa. Fuskarta a natse, kamar mai shirin tafiyar da ta daɗe da sanin za ta zo. Na ce mata wasan Yaya ne, ina wurin. Ba ta ko ɗago ba. Ta ce haka mahaifinta ya ce, jita-jita ce.

Na aika aka kira Yaya. Ya zo ya durƙusa a gabanta, ya yi mata bayani tun daga farko, da awakin da komai. Da ya ga ba ta motsa ba, sai ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya yi gyaran muryar, ya maimaita kalaman ɗaya bayan ɗaya. Na zaci za ta yi salati ta yi dariya ta jefe shi da mafici. Sai ta zuba masa ido ta ce, “Babana, su wa suka aiko ka?”

Ya ce babu kowa.

Ta ce, “Na san ka iya. Tun kana yaro ka iya. Shi ya sa suka zo wurinka ka ce kai ne, don mu saki jiki.”

Yaya ya mai da hularsa kai, ya danna ta da hannu, ya ce, “Goggo, dube ni. Hula tana kaina. Ni ne na yi.” Ita ce ta kafa dokar, amma ranar ta kalli hular kamar ba ta taɓa ganinta ba, ta ci gaba da ninke zani. Ban taɓa ganin fuskar Yaya ta yi irin wannan faɗuwa ba. Na ji tausayinsa, na kuma ji haushinsa, don sau nawa ina ce masa bakin nan zai jawo mana.

Kuskuren da ya yi bayan wannan, irin na masu gaskiya ne. Ya ga tsofaffi da yawa sun shiga zaman ɗar-ɗar, wata ma an ce ta sayar da tumakinta da araha. Sai ya ce ai akwai wurin da ba a taɓa ƙaryata shi ba. Ranar Asabar ta makon da ya biyo, da hantsi, ya shiga ɗakin sanarwa, ya yi sallama, mutane suka tsaya cak suna jiran sunan mamaci. Ya ce ba rasuwa ba ce. Ya ce saƙon da ke yawo shi ne ya yi shi da wasa a rumfar ataya, aka yanke. Da ya tsaya a nan da wataƙila da sauƙi. Amma don ya tabbatar musu, sai ya yi gyaran muryar, ya sake faɗin kalaman a lasifika. Ina tsaye a ƙofar shago na ji muryar ɗan takarar tana fita daga saman ƙarfen da ya shekara da shekaru ba ya faɗin komai sai gaskiya, tana cewa a kwashe su duka. Na tabbata hularsa tana gwiwa a cikin ɗakin. Amma ɗakin katako ne, ba wanda ke ganin ciki.

Waɗanda suka fito daga wanka ko suka shigo layin a tsakiyar magana, abin da suka ji ke nan, suka ruga gida da labarin cewa an saka saƙon a infomeshan, ashe gaskiya ne. Wani kuma ya naɗi wannan ma. Da yamma samarin ɓangare guda suka zo suna zaginsa wai an saye shi ya wanke maƙiyin Zango. Washegari na ɗaya ɓangaren suka zo wai tun farko an saye shi ya shafa wa ɗan takararsu kashin kaji. Sai da limamin masallacinmu ya fito ya tsaya a ƙofar ɗakin kafin suka watse. Mutum ɗaya, an sayar da shi ga jam'iyya biyu a kwana biyu, shi kuwa ko kuɗin koko bai gani ba.

Ko ya gani? Zan faɗi wannan don labarin ba zai cika ba in na ɓoye. Bayan mako biyu aka ɗaura sabuwar lasifika a saman ƙarfen, fara tas. Na tambaye shi daga ina, ya ce kwamitin masallaci ne suka yi alkawarinta tun azumi. Na san kwamitin, zan iya tambaya a minti biyar. Ban tambaya ba har yau. Abin da saƙon nan ya yi mana ke nan: ni da na ga hula a gwiwa da idona, na tsaya ina kallon farar lasifika ina lissafi a kan ɗan uwana.

Ranar zaɓe na ɗauko wa Goggo farin mayafinta na goge. Ta ce ba za ta ba. Ta ce wancan karon ma layi aka sa su, aka ce takarda kawai za a duba. Na yi lallashi, na yi faɗa, ta zauna a bakin gado da jakarta a gefen ƙafa. Da na je rumfar zaɓe na duba gaban layi, inda tsofaffin unguwa suka saba zama a kujerun roba tun asuba. Kujerun suna nan, yawancinsu ba kowa. Wanda ya yanke saƙon, in don ya tsorata Zango ta fito ta yi zaɓe ya yi, to ya tsorata wasu har sun kasa fitowa. Wanda ya ci ya ci, ba a kori kowa ba, ba a ga babbar mota ko ɗaya ba. Na ce wa Goggo to ga shi. Ta ce jira suke a manta.

Jakar ta zauna a bayan ƙofa. Yaya bai sake zama a rumfar ataya ba, kuma ba wanda ya maye gurbinsa. Yanzu in mutum zai yi wa wani babba ba'a a can, sai ya fara duba cinyoyin mutane. Kwatar da aka gyara ta sake toshewa, ba wanda ya yi mata jawabi. Sanarwa kuwa ya ci gaba da yi, don ba shi da wata sana'a, amma na lura da wani abu daga bayan kekena. In ya yi innalillahi ya faɗi suna, mahauci ba ya ajiye wuƙa nan take. Sai ya ciro waya ya kira wani. Ba wanda ya taɓa cewa Yaya ya yi ƙaryar mutuwa, kuma bai taɓa ba. Kawai dai an koyi jira.

Goggo ta rasu wata safiyar Talata cikin damina, bayan ta sha kokonta ta ce za ta ɗan kishingiɗa. Da matan da za su yi mata wanka suka tambayi likkafani, na rasa inda ta ajiye wanda ta zo da shi daga Makka. Na duba akwati, na duba ƙarƙashin gado. Sai na jawo jakar nan na zuge. Shi ne a sama, a ninke cikin leda, inda hannu zai fara kaiwa. Ta shirya ne don kada a binne ta a wata ƙasa da rigar jikinta kawai.

Yaya ya shigo ya tsaya a kanta ya yi addu'a, ya fita. Na bi shi da nufin na rufe shago. Ya shiga ɗakin sanarwa bai ja ƙofa ba, don haka ina ganinsa daga inda nake. Lasifika ta yi ƙara. Ya yi sallama, ya yi innalillahi, ya faɗi sunanta da na mahaifinta, wanda shi ne nasa sunan, ya ce za a yi sallah bayan azahar a kai ta Tafo. Ya maimaita da Twi. Muryarsa ta karye a tsakiya ya gyara.

Na kalli titi. Mutane sun tsaya, amma ba wanda ya motsa. Suna kallon juna, suna kallon ƙarfen. Mai gyaran waya ya matso kusa da ni, ya rage murya ya ce, “Anti, gaskiya ne paa? Ta rasu?” Na juya na kalli ɗakin sanarwa. Ban sani ba ko Yaya ya ji shi, ko shirun titin ne ya ji. Na dai ga ya ɗora tafin hannunsa a kan hularsa ya danne ta, kamar iska za ta ɗauke, a cikin ɗakin da ba mai ganinsa sai ni. Mutumin da ya shekara talatin yana sanarwa bai taɓa rantsuwa ba ya sake matsowa kusa da makirfo.

Ya ce, “Wallahi da gaske ne. Ni ne. Goggona ce.”